Shin mage ta san mai ita? Sharhi kan ɗabi'arta da yadda take shaƙuwa da mutum

Akwai tuhumar da aka daɗe ana yi wa mage, wadda za ka ji a bakin manya da yara, cewa ita dabba ce da ba ta san alheri ba. Ana cewa gidan kawai ta sani ban da mutanen gidan, domin in ka ba ta abinci sai ta ci ta lashe baki ta haye katanga, in ka kira ta sai ta yi biris da kai, in kuma ka yi sake ta ɗauke maka tsokar da ka ajiye. Masu wannan magana kusan kullum da kare suke gwada ta, shi da yake tarar ubangidansa tun daga nesa yana kaɗa jela, ya bi shi gona ya bi shi dawa, ko an kore shi ya dawo. Sai dai duk wanda ya auna mage da mudun kare ba zai sami awon gaskiya ba, saboda hanyar da kowannensu ya bi ya shigo gidan ɗan Adam daban ce, kuma halin da kowannensu ya zo da shi daga daji daban ne. Binciken da masana halayyar dabbobi suka yi cikin shekaru 40 da suka wuce ya nuna cewa mage tana bambance mai kula da ita da baƙo, tana samun natsuwa a kusa da shi, har takan fifita zama da shi a kan abinci. Amma tana da sharaɗi, wato a bar mata zaɓin lokacin da za ta matso da lokacin da za ta ja da baya.

Asalin magen gida wata kyanwar daji ce da masana ke kira Felis lybica, mai launin ƙasa-ƙasa da ratsi-ratsi, wadda har yau tana nan a dazuzzukan Afirka da Gabas ta Tsakiya, har da yankinmu na Sahel. Wani babban bincike kan ƙwayoyin gadon maguna kusan 1,000 da aka wallafa a 2007 ya nuna cewa dukkan magunan gida na duniya daga wannan tsatso suka fito. Yadda aka yi ta shigo cikin mutane kuwa ba abu ne mai wuyar ganewa ba ga duk wanda ya san rumbu. Lokacin da mutanen Gabas ta Tsakiya suka fara noma suna tara hatsi, kimanin shekara 10,000 da suka wuce, ɓeraye suka taru inda hatsin yake, kyanwar daji kuma ta biyo ɓerayen. Waɗanda suka fi jure ganin mutum a cikinsu su ne suka fi ƙoshi, suka fi haihuwa, 'ya'yansu suka gaji wannan juriya. A tsibirin Ƙubrus masu tonon kayan tarihi sun gano wani kabari mai shekara kusan 9,500, inda aka binne mutum da wata matashiyar mage kusa da juna, kuma tun da babu maguna a tsibirin tun asali, lallai a jirgin ruwa aka kai ta. Abin lura a nan shi ne ba wanda ya ɗaure mage ya hore ta don ta yi masa wani aiki bisa umarni, kamar yadda aka yi da kare da doki da jaki. Aikin da ake so ta yi, wato kisan ɓera, da kanta take yin sa ba tare da an sa ta ba, saboda haka ba a taɓa zaɓen maguna don biyayya ba. Ko kiwonsu don kyan launi da siffa baƙon abu ne, domin babban baje kolin maguna na farko a 1871 aka yi shi a birnin Landan.

Abubuwa biyu ta taho da su daga wancan asali, kuma su ne mabuɗin yawancin halayenta. Na farko shi ne kakanninta ba sa zama a garke. Kare jikan kyarkeci ne, dabbar da ke farauta cikin ayari, wadda rayuwarta ta dogara da karanta fuskar 'yan'uwanta da bin motsinsu, shi ya sa karanta fuskar mutum bai yi wa kare wuya ba. Kyanwar daji kuwa kowace da yankinta, ita kaɗai take farauta, ita kaɗai take ci, ba ta haɗuwa da wata sai lokacin barbara ko renon 'ya'ya. Ga dabba irin wannan, aminci yana cikin sanin wuri: ina maɓoya take, ina ruwa yake, ta ina ake tserewa. A nan masu cewa gidan ta sani suna da rabin gaskiya, kuma wannan ne dalilin da ya sa in iyali suka tashi zuwa sabon gida a unguwar da ba ta da nisa, sau da yawa magensu takan koma tsohon gidan, har sai in an tsare ta a ɗaki ɗaya na mako biyu ko fiye ta saba da warin sabon wurin. Na biyu shi ne ita mafarauciya ce ƙarama, wadda ita ma ake farautarta. Dila da kura da manyan tsuntsaye duk suna iya kama ta, don haka take son wuri mai tudu inda za ta hango kowa, take ƙin a ɗaga ta a matse ƙafafunta ba sa taɓa komai, take kuma ɓoye ciwo iyakar iyawarta.

Duk da haka zama kusa da mutane ya koya wa mage zaman tare. Inda abinci ya wadata, kamar mahauta ko kasuwar kifi ko gidan gona, maguna sukan taru su zauna wuri ɗaya, kuma waɗanda suka bi diddigin irin wannan taro a gonakin Ingila sun ga cewa ba taron haɗa-ka ba ne. Ginshiƙinsa mata ne 'yan'uwan juna, uwa da 'ya'yanta mata da jikokinta, waɗanda kan haihu wuri guda, su shayar da 'ya'yan juna, su haɗu su kori baƙuwar da ta kutso, yayin da muzurai ke yawo tsakanin wannan dangi da wancan. A cikin irin wannan zama ne mage ta sami 'yan alamun da take nuna zumunci da su, kuma su ɗin nan take juyowa ta yi wa mutum.

A lura da magen da ta saba da mai ita lokacin da ya shigo gida da yamma. Za ta nufo shi wutsiyarta a miƙe sama, bakin wutsiyar ya ɗan lanƙwashe, ta fara goga kumatunta a ƙwaurinsa, ta bi da gefen jikinta, ta naɗe ƙafar da wutsiya, sannan ta koma gefe ta zauna tana lasar daidai wurin da ya taɓa shi. Kowane mataki a nan yana da ma'ana. Ɗaga wutsiya gaisuwa ce da 'ya'yan mage ke yi wa uwarsu, wadda manyan magunan gida suka riƙe a matsayin alamar zuwa da lumana. Wata mai bincike a Jami'ar Southampton, Charlotte Cameron-Beaumont, ta manna hotunan inuwar mage a bango, sai ta ga maguna sun fi saurin kusantar wanda wutsiyarsa ke sama fiye da wanda tasa ke ƙasa. Gogar jiki kuwa musayar wari ce. A kumatun mage da haɓarta da goshinta da gindin wutsiyarta akwai wuraren da ke fitar da wani sinadari wanda hancin mutum ba ya ji, kuma magunan da ke dangi ɗaya suna shafa wa juna shi har su kasance da wari guda wanda suke gane na gida da shi. Idan ta goga maka nata, ta kuma lashe naka daga gashinta, ta shigar da kai cikin wannan lissafi ke nan. Mutane kan ce ai don abinci take yi, kuma gaskiya ne takan yawaita shi in tana jin yunwa, amma tana yi wa 'yar'uwarta mage wadda ba ta taɓa ba ta ko loma ɗaya ba.

Da wannan ido ya kamata a kalli kartar da take yi wa tabarma ko kujera ko jikin bishiya. Tana gyara faratanta, tana miƙa jijiyoyinta, tana kuma barin shaida iri biyu, ta gani da ta wari, domin a tsakanin yatsunta ma akwai masu fitar da wancan sinadari. Hana ta karta gaba ɗaya ba ya yiwuwa, abin da ake yi shi ne a ajiye mata guntun katako ko kututture kusa da inda take kwana.

Ba kowace mage ce ke iya shaƙuwa da mutum ba, kuma mafi yawan abin da ke yanke wannan hukunci yana faruwa ne tun tana jaririya. Mage tana ɗaukar ciki na kwana 63 zuwa 65, 'ya'yanta su zo idanunsu a rufe, ba sa buɗewa sai bayan kwana 7 zuwa 10. A shekarun 1980 wata masaniya a Jami'ar Temple da ke Amurka, Eileen Karsh, ta gwada ɗaukar jariran maguna a hannu a matakai daban-daban na girmansu, ta gano cewa akwai wata ƙofa da ke buɗewa daga mako na 2 zuwa na 7. Wanda aka riƙa ɗauka ana shafawa a hankali a wannan tsakani yakan tashi yana neman mutane, wanda aka fara taɓawa bayan ƙofar ta rufe kuwa da wuya ya saki jiki sosai, ko da za a shekara ana ciyar da shi. An kuma ga cewa wanda ya saba da hannun mutane da dama, maza da mata da yara, ya fi wanda mutum ɗaya ya rena sakewa da baƙi. Wannan ya bayyana abin da ake gani a gidajenmu, inda mage kan ɓuya ta haihu a bayan buhunan hatsi ko cikin rufin ɗaki, ba a ganin 'ya'yan sai sun yi wata biyu, su fito suna huci suna gudun kowa, a ce ai halin mage ke nan, alhali lokacin sabon ne ya wuce ba tare da kowa ya sani ba. Tsoron da ake yi cewa uwa za ta ƙi 'ya'yanta in an taɓa su bai shafi uwar da ta saba da mutanen gida ba. Iyakarta in damun ya yi yawa ta kwashe su ta canza maɓoya.

Gado ma yana da nasa rabo. A 1995 Sandra McCune ta nuna cewa 'ya'yan muzuru mai sakin jiki da mutane sun fi 'ya'yan muzuru matsoraci ƙarfin halin tunkarar mutum da duk wani sabon abu, alhali ba su taɓa ganin uban nasu ba. Raba ɗa da uwarsa da wuri kuma yana da illa, domin a wajen wasa da 'yan'uwansa ne yake koyon iyakar cizo da yakushi. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Helsinki kan maguna sama da 5,000 ya sami ƙarin faɗa da cizo a cikin waɗanda aka yaye kafin mako 8.

Batun murya ya fi kowanne ban sha'awa, a ganina, domin a nan ne ake ganin yadda mage ta gyara kanta saboda mutum. Kukan nan da kowa ya san ta da shi, jarirai ne ke yi wa uwa in suna jin sanyi ko yunwa, kuma manyan maguna ba kasafai suke yi wa junansu ba, sun fi magana da wari da tsayuwar jiki. Mutum ne suke yi wa shi, saboda sun lura shi ba ya jin wari, ba ya kula da motsin kunne, amma yana waiwayowa in ya ji ƙara. Wani bincike na 2004 da ya gwada kukan magen gida da na kyanwar daji ya nuna cewa na gida ya fi gajarta, ya fi siranta, ya kuma fi daɗi a kunnen mutane. Bugu da ƙari, babu wani kuka guda da ke nufin abu ɗaya a wurin dukkan maguna. Kowace tana gwada sautuka iri-iri a kan mai ita, wanda ya buɗe mata ƙofa ta riƙe shi don ƙofa, wanda ya kawo abinci ta riƙe shi don abinci, har su biyun su wayi gari da wani yare nasu wanda maƙwabci ba zai fahimta ba.

Haka abin yake da ƙaramin gurnanin nan mai kama da minshari da take yi a maƙogwaro in ta kwanta a jikin mutum. Tun tana 'yar kwanaki take yin sa a wajen shan nono, tare da danna ƙafafun gaba ɗaya bayan ɗaya a cikin uwar don nono ya zubo, kuma babbar magen da ke danna cinyar mai ita tana gurnani wannan hali na jarirai ta dawo da shi. Yawanci alamar jin daɗi ne, amma mage takan yi shi a lokacin naƙuda ko tsananin ciwo, don haka ba a dogara da shi kaɗai a ce lafiyarta lau. A 2009 Karen McComb ta Jami'ar Sussex ta gano cewa wasu maguna suna da gurnani na musamman na roƙon abinci, wanda suke cusa wani siririn sauti a cikinsa mai kusanci da kukan jaririn mutum, kuma da aka kunna wa mutane 50, har waɗanda ba su taɓa kiwon mage ba sun ce ya fi na yau da kullum matsa wa mai sauraro.

To, shin duk wannan ya isa a kira shi shaƙuwa, ko dabarar neman abinci ce kawai? Masana sun yi ta gwaje-gwaje. A Japan, Atsuko Saito da abokan aikinta sun nuna a 2013 cewa mage tana bambance muryar mai ita da ta baƙi, sannan a 2019 suka nuna cewa tana gane sunanta a cikin wasu kalmomi masu tsawo da amo irin nasa. Abin dariya shi ne amsar da magunan suka bayar ba ta wuce juya kunne ko ɗan karkata kai ba, kusan ba wadda ta taso. Wato ta ji, ta kuma gane, tasowa ce ba ta ga dalilinta ba. A Italiya an sa fanka mai ɗaure da zirin leda a gaban maguna a 2015, sai kusan kashi 80 cikin 100 suka riƙa kallon fankar suna waiwayen mai su, kamar masu neman sanin yadda ya ɗauki abin. A 2017 kuma Kristyn Vitale ta Jami'ar Jihar Oregon ta ba maguna zaɓi tsakanin abinci da abin wasa da ƙanshi da hulɗa da mutum, bayan an hana su duka na 'yan sa'o'i, sai rabinsu suka zaɓi mutum, kashi 37 cikin 100 suka zaɓi abinci.

Inda aka sami saɓani shi ne kan ko mage tana ɗaukar mai ita a matsayin mafaka, irin yadda jariri ke ɗaukar uwarsa. A 2019 ita Vitale ɗin ta aro wani gwaji da aka tsara don jariran mutane: a shigar da mage baƙon ɗaki tare da mai ita na minti 2, ya fita ya bar ta na minti 2, sannan ya dawo. Kusan kashi 65 cikin 100 na magunan, manya da ƙanana, da mai su ya dawo sai suka gaishe shi, hankalinsu ya kwanta, suka ci gaba da binciken ɗakin suna dawowa gare shi lokaci-lokaci, kuma wannan adadi ya yi daidai da abin da ake samu a jariran mutane. Sauran ko dai suka manne masa suka kasa sakewa, ko suka kauce masa. Amma shekara 4 kafin nan, Alice Potter da Daniel Mills na Jami'ar Lincoln a Ingila sun yi makamancin gwajin da maguna 20, suka ce ba su ga wannan dogaro ba, in ban da cewa magunan sun fi kuka in mai su ne ya fita fiye da in baƙo ne.

Ra'ayina shi ne kada a yi saurin ɗaukar ɗayan biyun a matsayin hukuncin ƙarshe. Magunan da aka gwada ba su da yawa, kuma kusan dukkan irin wannan bincike a Amurka da Turai da Japan aka yi shi, a kan magunan da da yawansu ke kwana a gadon masu su, suna cin abincin gwangwani. Magen da ke tsakar gida a Zariya ko Maraɗi, wadda ke cin ragowar tuwo da ƙashin kifi ta cike da ɓera da ƙadangare, ta fita lokacin da ta so ta dawo lokacin da ta so, rayuwarta ta fi kusa da yarjejeniyar farko da aka ƙulla a gindin rumbu. Sannan ita kanta tambayar da gwajin ke yi aro ce daga jariri, wanda ba zai rayu ba in babu uwa, alhali babbar mage tana iya ciyar da kanta ta kare kanta. Abin da hujjojin suka fi goyon baya shi ne tana iya shaƙuwa da mutum ba tare da ta dogara da shi kacokan ba, kuma ni ban ga abin da hakan ya rage wa shaƙuwar ba, tun da dabbar da ke da ikon tafiya ce take dawowa ta kwanta kusa da mutum ɗaya a cikin mutanen gida goma.

Wanda take zaɓa ɗin kuwa sau da yawa ba shi ne wanda ya fi rawar jiki a kanta ba. An sha ganin mage ta shiga ɗaki cike da baƙi ta wuce masu kiranta, ta je ta zauna kusa da wanda bai ko dube ta ba, kuma dalilin a fili yake, domin a wurin maguna zuba ido ƙur barazana ce, kawar da kai kuma ladabi ne. Binciken da aka yi a Sussex a 2020 ya nuna cewa in mutum ya lumshe ido a hankali yana kallon mage, takan mayar masa da lumshewar, kuma ta fi yarda ta kusanci hannun baƙon da ya yi mata haka. Taɓawa ma tana da ƙa'ida. Yawancin maguna sun fi son a sosa musu kumatu da ƙarƙashin haɓa da gindin kunne, wato wuraren da su ma suke goga wa juna, ba sa kuma son a taɓa ciki da gindin wutsiya. Mage in ta kwanta rigingine ta buɗe ciki a gabanka, ta nuna ta amince da kai ne har ta bar maka wurin da ya fi rauni a jikinta, amma in ka kai hannu wurin sai ta rungume shi da farata, ka tashi kana cewa ta yi maka kwanciyar ɗaukar rai. Cizon da ake cewa ya zo ba gaira ba dalili ma kusan kullum yana da gargaɗi a gabansa: bakin wutsiya ya fara bugun ƙasa, fatar baya ta motsa, kunnuwa su juya gefe, gurnanin ya tsaya. Kaɗa jelar da ke nufin murna a wurin kare, a wurin mage haƙuri ne ke ƙarewa. Yara su suka fi shan yakushi, saboda su suka fi kama ta su matse, don haka abu na farko da ya kamata a koya musu shi ne su miƙa hannu su jira ta shinshina, in ta goga kumatu su shafa, in ta juya su ƙyale ta.

Duka da jifa ba sa koya wa mage komai sai tsoron mai dukan. In ta ɗauke nama ta ci, aka kama ta bayan awa ɗaya aka buge, ba ta da hanyar haɗa bugun da naman, abin da za ta koya kawai shi ne ta jira sai ba ka nan. Ga dabbar da kakanninta ke farauta su kaɗai, abincin da ba kowa a kansa na wanda ya tsinta ne, kuma jikinta nama yake buƙata tilas, domin akwai sinadaran da ba ta samu sai a cikinsa, ko ɗanɗanon zaƙi ma harshenta ba ya ji. Magen da tuwo kaɗai ake ba ta dole ta zama ɓarauniya, maganin kuwa a rufe tukunya a kuma ware mata rabonta. Farauta ma ba yunwa kaɗai ke sa ta ba, motsin ƙaramin abu ne ke tayar mata da ita ko a ƙoshe take, wanda ya sa masu 'yan tsaki ba sa shiri da muzuru. Wani bincike na Jami'ar Exeter a 2021 ya nuna cewa wasa da mage na minti 5 zuwa 10 a kullum da abin da za ta bi ta cafke ya rage yawan dabbobin da take kamowa gida da kashi 25 cikin 100, abinci mai yawan nama kuma ya rage da kashi 36.

Addinin Musulunci ya riga ya ba mage matsayi a cikin gida. A Muwaɗɗa ta Imam Malik an ruwaito cewa Abu Ƙatada ya karkata wa mage ƙwaryar ruwan alwalarsa har ta sha, ya kuma faɗi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-komo a tsakanin mutanen gida. Haka nan Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda magen da ta kulle har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci da kanta ba. Wanda ya san wannan bai kamata ya biye wa camfin da ke sa a jefi baƙar mage da dare ba, domin ƙyallin idonta daga wani shimfiɗi ne a bayan ƙwayar idon da ke mayar da haske, wanda ke ba ta damar gani a hasken da ya gaza wa mutum nesa ba kusa ba, yawonta da magariba da asuba kuma lokacin fitowar ɓera ne.

Saura batun lafiya, inda sanin halin mage ke da amfani mafi girma. Tun da ɓoye ciwo ɗabi'arta ce, alamar farko ba ta wuce sauyin al'ada ba: wadda ta saba tarar mutum ta daina, ta shige ƙarƙashin gado, ta bar gyaran gashinta ya cukurkuɗe, ko ta fara fitsari inda ba ta saba ba. Mai ita ne kaɗai zai lura da wannan, saboda shi ya san yadda take a da. Wani lokaci kuma damuwa ce ke kawo ciwon. Masu bincike a Jami'ar Jihar Ohio sun nuna a 2011 cewa canza lokacin abinci ko canza mai kula ya sa har lafiyayyun maguna suna amai, suna ƙin ci, suna bayan gida a wajen wurin da aka tanadar musu. Zuwan sabuwar mage gida, ko hayaniyar biki, ko tafiyar wanda ta fi shaƙuwa da shi, duk suna iya yin haka. In ta yini biyu ba ta ci ba, ko muzuru ya yi ta yunƙurin fitsari ba ya fitowa, sai a garzaya wurin likitan dabbobi, domin toshewar mafitsara tana kashe muzuru cikin 'yan kwanaki. Kada kuma tausayi ya sa a ba ta maganin mutane, musamman farasitamol, wanda hantarta ba ta iya sarrafawa, har ƙwaya ɗaya tana iya halaka ta.